Jatau, Sa Mai Karkiya Biyu

Akwai wani manomi a wani ƙauye, yana da shanun huɗa guda biyu. Ɗaya ja ne, yana kiransa Jatau. Ɗayan baƙi wuluk, yana kiransa Duna. Tun suna 'yan maruƙa ya same su, shi ya yi kiwonsu da hannunsa, shi ya koya musu ɗaukar karkiya da jan garma. Yana ƙaunarsu duka biyu, amma kowa a gidan ya san Jatau ne ɗan lelensa.

Dalili kuwa a fili yake. Jatau sa ne mai zuciyar aiki. Da ya hango an ɗauko karkiya sai ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da wuya tun ba a ce masa komai ba. Duna kuwa yakan ja garma yadda ya kamata tun daga fitowar rana, ba ya karkata, ba ya wasa. Amma da zarar rana ta take, sai ya lanƙwasa gwiwoyinsa ya kwanta a tsakiyar kunya. A yi lallashi, a yi tsawa, a ja igiya, Duna ko gezau. Manomin yakan tsaya a kansa yana huci, yana cewa, "Raggon banza! Cin dusa kawai ka iya. Dubi ɗan'uwanka, ko kunya ba ka ji?"

Duna ba ya jin kunya. Sai ya lumshe ido ya fara tuƙa.

Masu shanun huɗa suna da ƙa'idar da suka gada. Da sassafe ake fita, in rana ta yi zafi a kwance shanu, a ba su ruwa da harawa, a bar su a inuwa. Sa ba ya cin abincinsa sau ɗaya. Yakan haɗiye shi da gaggawa, daga baya ya kwanta ya dawo da shi baki ya tauna a hankali, wannan ita ce tuƙa. San da bai sami lokacin tuƙa ba, ko buhun dusa ya cinye ba za ta zauna a jikinsa ba. Manomin nan ya san wannan sarai, gama ubansa ma da shanu ya yi noma.

Wata shekara ruwa ya makara. Aka yi ta duban sama har mutane suka fara zullumi, sa'an nan ya sauko gaba ɗaya. Kowa ya rikice, kowa yana so a yi masa huɗa tun ƙasa tana da danshi. A cikin wannan hali ne maƙwabcin manomin, wani mutum mai suna Tanko, ya yi sallama da tsakar rana. Shi Tanko maciji ya kashe masa sa ɗaya da rani, saura ɗaya, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma.

Ya ce, "Sannu da hutawa, ɗan'uwa. Ka san halin da nake ciki. Ka taimake ni da sa ɗaya da yamma in haɗa da nawa, kada ƙasar nan ta bushe mini ina kallo."

Manomin ya ce, "Haba, Tanko, wannan ai ba abin roƙo ba ne."

Ya tashi ya kwance igiyar Duna ya ja. Duna ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba, ya ci gaba da tuƙarsa. Tanko ya fashe da dariya ya ce, "Bar wannan basaraken ya huta. Ba ni jan, ga shi can har ya miƙe." Gaskiya kuwa Jatau yana tsaye, ya bar harawarsa ko rabi bai ci ba, don ya ga an taɓa igiya. Haka aka tafi da shi.

Kafin a gama gonar Tanko, wata gwauruwa da ba ta da kowa ta zo ta durƙusa. Wa zai kori gwauruwa? Bayanta dattijon ikilisiya ya zo da zancen gonar majami'a, wadda da amfaninta ake ciyar da baƙi da marasa lafiya. Wa zai ce wa aikin Ubangiji a'a? Bayansa surukin manomin ya aiko, shi kuwa suruki ba a haɗa ido da shi, balle a hana shi. Ba roƙon banza ko ɗaya a ciki. Duk wanda ya zo, manomin yakan ce, "Ba komai, Tanko zai zo muku da yamma." Tanko kuwa ya yarda ya riƙa yi wa mutane huɗar, don ya rama alherin da aka yi masa.

Sai al'amari ya zama haka: da safe Jatau yana cikin karkiyar maigidansa tare da Duna, da yamma yana cikin karkiyar Tanko tare da san Tanko. Duna yana hutun yamma. San Tanko yana hutun safe. Tanko da kansa da safe yana gida. Manomin ma da yamma yana kan tabarma a gindin bishiya, masu wucewa suna sa masa albarka, alherin nasa kuwa yana can a gonar wani yana jan garma. Kada mu yi wa mutumin nan ƙarya, ba mugu ba ne. Bakinsa ne bai iya furta a'a ba, kunnensa kuma yana jin daɗin "Allah ya sāka." Bai taɓa tsayawa ya lura cewa kyautar da yake yi da wuyan wani yake yin ta ba.

Matarsa Rahila ce ta fara gani, don ita ke kai wa shanun dusa da ruwan kanwa. Wata rana ta same shi a gindin bishiyar, ta ajiye ƙwarya ta ce, "Maigida, ka duba Jatau kuwa kwanakin nan?"

"Me ya same shi?"

"Dusarsa tana kwana. Wuyansa ya saɓule ta inda karkiya take zama, ƙudaje sun fara bi. Abin da ya fi damuna, na daɗe ban ga yana tuƙa ba. In an dawo da shi sai ya tsaya kawai, kansa a ƙasa."

Manomin ya yi tsaki ya ce, "Ke dai da tsoro. Kin taɓa jin ya yi kuka? Kin taɓa ganin ya ƙi tashi? Sa in ya gaji kwanciya yake yi. Ga Duna nan, malamin kwanciya, ki tambaye shi."

Rahila ta ce, "Ai abin da ke ba ni tsoro ke nan. Duna ya iya cewa ya isa. Wannan bai iya ba, sai dai kai ka faɗa masa."

Maganar ta taɓa shi. Ya je ya shafa wa Jatau man shanu a wuya, ya daddaɓa tozonsa, san kuwa ya ɗora hancinsa a kafaɗarsa kamar yadda ya saba tun yana maraƙi. Manomin ya ce, "Yi haƙuri, ɗan halak. Saura kaɗan. A gama gonar majami'a, sai ka huta har ka gaji da hutu." Da gaske yake a lokacin da ya faɗa. Amma aka gama ta majami'a, ta suruki ta taso. Aka shiga ta suruki, ga babbar gonar dawarsa shi kansa tana jira. Kullum saura kaɗan, kaɗan ɗin nan kuwa ba ya ƙarewa.

Ranar da abin ya faru, da safe ne, a gonar dawar. Rana ba ta ma yi zafi ba. Manomin yana riƙe da garma sai ya ga kunyar tana karkacewa. Ya ɗaga kai, abin mamaki, Duna ne a gaba, Jatau yana jan ƙafa a baya. Bai taɓa ganin haka ba. Ga wani hali da ya daɗe da shi: in kunya ta karkace, Jatau yake taɓawa da tsumagiya, ko ba laifinsa ba ne, don Jatau ne ke amsawa. Hannunsa ya riga hankalinsa. Ya ɗaga tsumagiya ya shauɗa masa, ya daka tsawa, "Kai ma ka fara?"

Jatau ya zabura. Ya tattara abin da ya rage a jikinsa ya ja, kumfa tana zuba daga bakinsa, ya ja har ya kai ƙarshen kunyar. A nan ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya kife.

Manomin ya yar da tsumagiya ya ruga. Ya zare karkiyar, ya durƙusa a cikin taɓo ya tallafi kan san. Ya kira shi da kuka, "Jatau! Jatau!"

San ya ji muryar maigidansa, ya zaci kiran aiki ne. Ya kafa gwiwa a ƙasa, ya yunƙura zai tashi, ya faɗi. Ya sāke yunƙurawa.

Manomin ya danne wuyansa da ƙirjinsa yana cewa, "A'a, kwanta. Kwanta, na roƙe ka. Ya isa haka."

Amma Jatau bai san wannan magana ba. Tun yana maraƙi an koya masa "tashi," an koya masa "tafi," an koya masa "juya." Ba a taɓa koya masa "ya isa" ba. Ya yi ta yunƙuri a hannun maigidansa har ƙarfinsa ya ƙare, numfashinsa ya koma sama-sama.

Mutane suka taru daga gonakin kusa. Wani ya duba idon san ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba na tashi ba ne. A kawo wuƙa tun bai zama mushe ba."  Manomin ya miƙe ya juya baya, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Babban mutum mai furfura a gemu, yana kuka kamar yaro, bai damu da wanda ya gan shi ba.

A ƙauye ba a barin nama ya lalace. Aka feɗe, aka rarraba, waɗanda Jatau ya yi wa huɗa su ne suka fara karɓa. Kowa ya zo yi wa manomin jaje, kowa kuma da abin da yake faɗa. Tanko ya ce, "Allah ya sani, ɗan'uwa, ni 'yan kunyoyi kaɗan nake yi da shi da yamma." Gwauruwa ta ce, "Tawa gonar ai ƙarama ce, ba ta isa ta yi masa komai ba." Dattijon ya ce, "Tamu kwana kaɗan aka yi." Dukansu gaskiya suka faɗa. Ba wanda ya ɗora masa abin da zai kashe sa, kowa ɗan nasa ya ɗora, ba kuwa wanda ya ga jimlar kayan sai wuyan da ya ɗauka. Suka yi ta yabonsa, suna cewa ba a taɓa yin sa mai biyayya irinsa ba, sa'an nan kowa ya ɗauki ƙunshinsa ya tafi.

Rahila ba ta ɗora tukunya da naman ba, ta bayar da rabon gidan duka. Ba ta kuma ce wa mijinta "ai na faɗa maka" ba, gama ta ga ya riga ya faɗa wa kansa. Duna ya yi kwanaki yana juyawa wajen turken da ba kowa, yana kuka.

Aiki kuwa bai tsaya ba, aiki ba ya tsayawa don wani ya mutu. Aka haɗa Duna da san Tanko, ana fita da safe kawai, yau gonar wannan, gobe ta wancan. Aka gama a makare, amma aka gama. Dawa ba ta kai ta bara ba, duk da haka ba gidan da ya kwana da yunwa. Wannan ne ya fi ci wa manomin rai. Ashe da ma ana iya jira. Ashe gaggawar da ta ci Jatau ba ta kai ransa ba. Daga ran nan, in rana ta take Duna ya kwanta a kunya, manomin ba ya zaginsa. Yakan zare masa karkiya, ya zauna a gefensa.

Ma'anar wannan misali ita ce:

Jatau shi ne mutumin da ba ya cewa a'a a wurin aiki. Kun san shi, wataƙila yana zaune kusa da ku yanzu. Ita ce ma'aikaciyar jinya da ta gama nata aikin ta karɓi na abokiyarta, ta dawo gida ta ɗora tukunya, ta wuce taron zumuntar mata don ita ce magatakarda. Shi ne malamin makaranta da aka haɗa wa aji biyu saboda "shi ba ya ƙorafi." Shi ne ma'aikacin ofis da shugabansa ke kira a waya ko ran Lahadi, don an san zai ɗauka. Karkiya biyu su ne iyayengiji da yawa a kan wuya ɗaya: wurin aiki, da gida, da dangi, da ikilisiya. Kowannensu ɗan nasa yake gani, kowannensu kuma yana da hujja mai kyau.

Manomin shi ne duk wanda yake da mutane a ƙarƙashinsa, ko shugaban ma'aikata ne, ko mai shago, ko uwar ɗaki, ko fasto. Ina roƙonku ku binciki hannunku. In aiki ya karkace, wa kuke fara kira? Ba wanda ya ɓata ba, sai wanda zai amsa. Mai gardama kun bar shi ya huta don ba ku son ciwon kai, mai biyayya kuwa kun sāka masa da ƙarin kaya. Wannan zalunci ne, ko da murmushi aka yi shi. Mu ma a ikilisiya ba mu kuɓuta ba. Mutum ɗaya ne mai waƙa, shi ne mai shara, shi ne mai ziyarar marasa lafiya, muna ce masa "Allah ya ƙara ƙarfi," alhali abin da yake bukata a wurinmu shi ne mu rage masa kaya. Makiyayi na gaske ba ya jira sai tunkiya ta faɗi kafin ya san ta gaji.

Kada wani raggo ya tafi gida yana murna wai an ce Duna ne gwani. Duna ya ja garma tun fitowar rana, bai karkata ba. Abin da ya sani shi ne iyakarsa. Ya yi aiki a lokacin aiki, ya kwanta a lokacin kwanciya, aka zage shi, ya rayu, a ƙarshe kuma shi ne ya ƙarasa gonakin.

Tuƙa kuwa ita ce hutun da Allah ya gina a cikin halittarsa. Mutum ma yana haɗiyar abubuwa da yawa a yini: tsawar shugaba, da raini, da tsoron kora, da labarin rashin lafiyar uwa a ƙauye. In bai sami lokacin da zai zauna shiru ya juya su a gaban Allah ba, ya ci abincinsa a zaune, ya yi barci, ya yi hira da iyalinsa, to, suna nan danƙare a ciki. Jiki magayi, wata rana zai faɗa. Zai faɗa da ciwon kai, ko faɗuwar gaba, ko hawan jini, ko faɗa da 'ya'ya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wanda ya ga waɗannan alamu a jikinsa ya je asibiti, ya kuma sami wani amintacce ya buɗe masa ciki. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. Mahaliccinmu da ba ya gajiya ya keɓe ranar hutu saboda mu masu gajiya. Ubangijinmu Yesu ma yakan janye almajiransa su huta, alhali taron masu bukata yana nan yana jira. In shi ya bar taro ya jira, kai wane ne da za ka ce duniya za ta rushe in ka zauna?

Ga inda ka fi Jatau, ɗan'uwana: shi dabba ne, ba shi da baki. Kai Allah ya ba ka. In an kawo maka karkiya ta biyu, ka faɗa da ladabi, "Ranka ya daɗe, ga abin da ke wuyana tun safe. Wanne zan ajiye in ɗauki wannan?" Mai ɗora maka kaya sau da yawa bai san na wancan ba, ba kuwa zai sani ba sai ka faɗa. Za a ɓata rai, wataƙila a kira ka raggo. Ɓacin ran yana wucewa. 'Ya'yanka ba su da wani uba a ajiye, ke ma naki ba su da wata uwa, wurin aiki kuwa kafin a share makoki an sa wani a kujerar.

Gobe Litinin, kowa zai koma bakin aikinsa. Za ku gaisa kamar kullum, wani ya ce "Ina gajiya?" a amsa masa "Ba gajiya." Haka muka tashi muka tarar, mutum yana tangaɗi don wahala yana cewa ba gajiya. Ina so kowannenku ya nemi mutumin nan da bai taɓa ƙorafi ba a wurin aikinku, ko a gidanku. In ya ba ka amsar da aka saba, kada ka wuce. Ka tsaya, ka dube shi, ka ce, "Gaisuwa ta ƙare, yanzu da gaske nake tambaya." Sa'an nan ka yi shiru ka jira. In ya faɗa maka, ka ɗauke masa wani abu a ranar, kada ka ce masa saura kaɗan. Gara ka ji gajiyarsa daga bakinsa yau, da ka tsaya a bakin kabarinsa kana ba da shaidar cewa bai taɓa ƙin aiki ba.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji. Amin.